Yaron da bakinsa bai buɗe ba: kati, maɓalli ko tablet, wanne za ki fara saya?

Ɗana har ya shekara 4 bai fara haɗa magana ba, in yana son abu sai ya kamo hannuna ya ja ni gaban abin, in ban gane ba kuma sai kuka da birgima a ƙasa. Shi ya sa na shiga neman kayan da za su taimaka masa ya faɗi abin da ke ransa. Amma dan Allah kafin ki kashe ko sisi ki kai shi a auna jinsa tukuna, wani yaron matsalar a kunne take ba a lura ba.

Ni da tablet na fara, kuma nan na yi kuskure. Manhajojin suna da kyau fa, yaro ya taɓa hoto na'ura ta faɗi kalmar. Akwai Proloquo2Go da ta fito a 2009, tana da kalmomi birjik amma sai a na'urar Apple kuma ta kuɗi ce, akwai Cboard kyauta. Matsalar, yarona bai riga ya gane cewa hoto na iya kawo masa abu ba, sai kawai ya fita daga manhajar ya koma kallon katun, ga caji ya ƙare muna hanya, ga gilashi ya tsage a sati na biyu. In dai tablet ɗin za ki saya to ki haɗa da gida mai kaurin roba, ki kulle shi a kan manhaja ɗaya, iPad na da Guided Access don haka, Android ma ana maƙale allo. Ki duba kuma ko manhajar tana bari ki ɗauki muryarki, don yawancinsu da muryar Turanci suke zuwa.

Katin hoto shi ya kamata in fara da shi wallahi. Tsarin da aka fi sani sunansa PECS, Andy Bondy da Lori Frost suka fara shi a 1985 a Amurka, matakai 6 ne, na farko dai yaro ya miƙo miki kati ke kuma ki ba shi abin nan take ki faɗi sunansa. Ba lallai ki sayi na kanti ba, shafin intanet na ARASAAC na gwamnatin yankin Aragon ta Sifaniya na bada hotuna kyauta, ni kuwa hoton kofinsa da takalminsa na ɗauka da waya don ya fi gane su a kan zane. Ki yi musu laminatin mai kauri tunda za a tauna, za a jiƙa. Ba caji, ba fashewa, malamarsa da yayyensa duk sun iya, abin da ya sa ya fara shiga wasa da sauran yara kenan. Aibinsa ɓacewa, kuma in kalmomi suka yi yawa littafin da ake liƙa katunan a ciki sai ya yi nauyi.

Tsakanin kati da tablet akwai maɓalli mai ɗaukar murya, yaro ya danna ya faɗi abin da aka ɗauka, irin BIGmack mai saƙo ɗaya ko GoTalk mai wuraren dannawa 4, 9 ko 20. Ya fi dacewa da yaron da hannunsa bai da ƙwari, sai dai da wuri ake wuce shi.

Masu cewa kayan nan na hana yaro magana, bincike bai nuna haka ba, nawa ma kalmar ruwa ya fara faɗa yana riƙe da katin. Ki nemi ƙwararre kan koyar da magana ya ga yaron kafin ki sayi mai tsada. Kuma kar katunan su tsaya a abubuwan da yake so kawai, ki sa na banɗaki, na ciwo, da na a'a. Ranar da ya miƙo min katin ciwo ya nuna kunnensa, zama na yi ina hawaye kafin in ɗauko jaka mu tafi asibiti.