Wata huɗu ina biyan kuɗin koyon kare kai daga taron dangi, ga yadda wajen yake

Abin da ya kai ni wajen nan ba sha'awar motsa jiki ba ce, kwacen waya ne. Na taso daga kasuwar Farm Centre bayan isha'i, na sauka daga adaidaita sahu saura 'yar tafiya kaɗan in shiga layinmu, sai ga yara uku, wallahi babbansu ba zai wuce shekara 20 ba, ɗaya ya sha gabana ɗaya ya tsaya ta gefe, na ukun ban ma san yana bayana ba sai da na ji tsinin ɗanbida a kuiɓina. "Kawo ta." Na miƙa. Ni da na yi taikwando shekara biyu a sakandare, ina ta cika baki a majalisa cewa duk ranar da suka tare ni za su gane kurensu, ko yatsa ban ɗaga ba. Wayar ba ta dame ni kamar yadda wannan daskarewar ta dame ni ba, sati biyu ina kwana ina sake kallon abin a kaina.

Wani abokina ne ya nuna min wajen. Ba zan faɗi sunan wajen ba saboda akwai abubuwan da zan soka a ƙasa kuma mutanen sun mutunta ni, amma dai hol ne a saman wasu shaguna a nan cikin Kano, ana yin aji sau uku a sati, Litinin da Laraba bayan la'asar, Asabar da safe. Ina biyan dubu 15 a wata, ban da kuɗin rajista na farko. A allon ƙofa an rubuta Krav Maga da manyan baƙaƙe, toh wannan kam talla ce kawai. Krav Maga na asali wani Bayahude ne Imi Lichtenfeld ya faro shi a birnin Bratislava a shekarun 1930, daga baya ya zama tsarin horon sojan Isra'ila, shi kuwa Masta ɗinmu da bakinsa ya gaya min ɗan judo ne wanda ya yi damben boksin, sauran a hanya ya tsinta. Sunan yana jawo kwastoma, shi ke nan.

Ranar farko mu biyar ne sababbi. Masta mutum ne gajere mai kauri, kunnensa ɗaya ya murɗe irin na 'yan kokawa, ya dube mu ya ce wa ya zo nan don ya koyi yadda zai zane mutum biyar shi kaɗai? Biyu suka ɗaga hannu, ni ma a zuciyata na ɗaga. Ya ce to ku je ku karɓi kuɗinku tun ba ku yi gumi ba, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ni da nake koyar da ku in mutum uku suka tare ni da wuƙa abin da nake nema shi ne hanya. A lokacin haushi na ji, na ce wato dubu 15 na biya a koya min gudu? Ai wannan kyauta na iya shi.

Ashe ban iya ba. Wannan shi ne abin da wajen ya fi ƙwarewa a kai kuma shi ne ya sa har yau nake biya.

Akwai wani atisaye da suke kira "da'ira". Za a sa ka a tsakiya, mutum uku su sa safar dambe ko su riƙe katifar naushi, a ce maka ga ƙofa can, kana da daƙiƙa 30 ka kai gare ta. Ba a ce ka kayar da kowa ba, ka fita kawai. Karon farko da na shiga na yi abin da kowa yake yi, na fuskanci wanda ya fi kusa na fara kai masa naushi, ina jin daɗi ma don na same shi sau biyu, sai kawai na ji duka a ƙeya, na juya, na bayan ya zama na gaba, na gaban ya zama na baya, kafin ka ce kwabo an rungume ni ta ƙugu ina ƙasa ana yi min rubdugu da katifa. Daƙiƙa 9 na yi. Na tashi ina haki kamar na hau Dutsen Dala da gudu, kuma abin mamaki ƙofar da aka nuna min na manta da ita gaba ɗaya, idona ya rufe ban ga komai ba sai fuskar mutum ɗaya.

Masta ya ce wannan rufewar idon kowa tana samunsa in tsoro ya buga, jiki ne yake tattara hankali kan abu ɗaya, shi ya sa na bayan yake cin kasuwarsa. Maganin da yake koyarwa shi ne kada ka yarda ka zauna a tsakiya ko na ƙiftawar ido. Ka zaɓi na gefe, wanda ya fi kusa da hanyar fita ko wanda ya fi rauni, ka kewaya ta bayan kafaɗarsa yadda shi kansa zai zama katanga tsakaninka da sauran, su biyun sai sun zagaye ɗan'uwansu kafin su iso ka. Yana cewa "jera su kamar layin mai". In ka jera su, na gaba kaɗai ne hannunsa zai kai gare ka, ka ture shi kan na bayansa, ka ranta a na kare. Faɗarsa da sauƙi. Sai da na yi wata ɗaya da rabi kafin na fara kaiwa ƙofar nan, yanzu ma a cikin goma ina fita kamar sau shida ne, kuma fa da mutanen da ba sa son su ji min ciwo.

Na ga amfanin wannan atisayen sosai a kan wani yaro da ya zo mana daga Legas, ya yi jujitsun Birazil shekara uku. In ɗaya da ɗaya ne babu wanda yake iya minti ɗaya da shi a ajin, zai kai ka ƙasa ya naɗe ka kamar tabarma har ka buga hannu alamar ka sallama. Yana yawan ba mu labarin yadda Royce Gracie ya cinye gasar faɗa ta UFC ta farko a 1993 da wannan salon, yana kayar da waɗanda suka fi shi girma, kuma gaskiya ne. Amma ranar da aka sa shi a da'ira ya kama na farko ya kai shi ƙasa ya shaƙe, kyakkyawar shaƙa kuwa, sauran biyun suka tsaya a kansa suna ɗora masa ƙafa a kai a hankali suna ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. Masta bai ce komai ba, dariya kawai ya yi. Tun daga ranar yaron ya fi kowa nacin koyon yadda ake miƙewa daga ƙasa da sauri, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya yana kare fuska.

Faɗuwa ma darasi ce mai zaman kanta, daga judo ya ɗauko ta, yadda za ka faɗi haɓa a ƙirji kada ƙeyarka ta bugi kwalta. Af, wanda ya ƙirƙiro judo a Japan a 1882 sunansa Jigoro Kano, kullum sai Masta ya yi mana barkwancin cewa ɗan garinmu ne, tun muna dariya har mun daina.

Sai ranar wuƙa. An ce kowa ya zo da tsohuwar farar riga, aka ba abokin karawarka jar maka irin ta rubutu a allo a matsayin wuƙa, aka ce ka kare kanka na daƙiƙa 20. Ni a raina na yi ƙoƙari, na kama hannunsa har na ture shi. Da na cire rigar na ƙirga jan layi 11, uku a kan cikina, ɗaya a gefen wuya a fata, kuma wallahi guda biyu kawai na ji shigarsu. Duk ajin babu wanda ya fita da farar riga, har shi Masta da ya shiga ya gwada an zane shi a hannu sau biyu. Ya ba mu labarin wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, da ya gwada a 1983 ya ga mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Muka auna a hol ɗin muka gwada, kafin ka gama ciro hannu daga aljihu ya iso ka. Daga nan ya juyo ya kalle ni, don na ba shi labarina, ya ce "Malam, da ka miƙa wayar nan daidai ka yi, kuskurenka tun daga saukowa daga adaidaita ne kana danna ta a duhu." A nan ne abin da ya tsaya min a ƙirji ya sauka.

Akwai wani ɗan dambe a cikinmu, mahauci ne, ya taɓa taka dambe a filin Ado Bayero Square da ke Sabon Gari. Hannunsa na dama in ya sauka a katifa sai ka ji har haƙorinka. Masta yana yaba masa rashin tsoron duka, ya ce wannan ba a koyar da shi sai an sha, amma tsayuwar dambe ta gefe da miƙa hannun hagu ana auna abokin karawa an yi ta ne don mutum ɗaya a fili da alƙali, in su uku ne ka ba wa biyu bayanka. Shi ma sai da ya sha wuya kafin ya daina tsayawa neman kisa.

Toh yanzu ga inda suka gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Tsafta sifili. Safar dambe guda shida ce ake karɓa-karɓa tsakanin mutum kusan 20, in ka sa hannu a ciki jiƙe take da gumin wani, warin kuwa sai ya bi ka gida, sati na uku na je na sayi tawa. Tabarmar robar ƙasa ta yage a wurare biyu an liƙe da salatif, na ga yatsan ƙafar wani ya maƙale a ciki ya gurɗe. Fanka biyu ce, in NEPA ta ɗauke ba a tada janareto sai an yi ta magana, ka yi tunanin wannan a watan Afrilu a Kano a saman bene. Babu akwatin magani, ranar da hancin wani ya fashe da ruwan leda da hankici aka tare, ni na sauka kemis na sayo auduga. Wajen da ake dukan juna kullum a ce ko bandeji babu, haba.

Na biyu, mataimakin Masta. In Masta bai zo ba, kuma yakan yi fashi kamar sau biyu a wata ba tare da sanarwa ba, wani matashi ne yake karɓar ajin, shi kuma duk abin da aka gina sai ya rushe shi. Yana son nuna kwace wuƙa da murɗe hannu irin mai kyau a bidiyo, abokin gwajin ya miƙo hannu a hankali ya tsaya kamar gunki shi kuma ya yi ta juyi, wani ma yana ɗauka a waya don TikTok. Na taɓa ce masa mu gwada da maka mana, ya ce lokaci ya ƙure. Wannan shi ne abin da nake jin tsoro, yaro ɗan shekara 17 ya koyi wannan ya ɗauka gaske ne ya je ya gwada a lungu.

Na uku, babu ajin mata ko ɗaya, alhali ƙanwata da take dawowa daga makaranta da yamma ta fi ni buƙatarsa. Na tambaya aka ce ana shiri, wata huɗu ke nan ana shiri. Ajin yamma kuma sau da yawa ba a farawa kan lokaci, sai a ci rabin sa'a ana jiran mutane, ƙarshe a yi ta sauri don kada a rasa magariba.

Abu ɗaya da ban zata ba kuma na ji daɗinsa, yana maganar doka. Ya ce sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya san da kare kai, dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ma haka, amma ƙarfin da za ka yi amfani da shi sai ya dace da barazanar, in ɓarawo ya juya yana gudu ka bi shi ka illata shi to labari ya canza, kai ne za ka kwana a sel. Ya hana mu yawo da wuƙa da sunan kariya, ya ce wanda ya kama da ita a jaka ya bar masa aji.

In maki zan bayar, koyarwar Masta 8 cikin 10, wajen kansa 4. In kana da ciwon gwiwa ko hawan jini ka fara ganin likita, don rabin ajin gudu ne da tsallen igiya da tashi-faɗi, ni kaina na sauke kilo biyar ban shirya ba. In kana neman bel mai launi da satifiket ka tafi ajin karate ko taikwando, nan ba a ba da komai. In kuma za ka zo, ka tambaya tukunna ko Masta da kansa ne zai yi ajin ranar, ka zo da safarka da robar haƙori da ruwanka, kuma rigar da za ka kawo ranar maka ka tabbata wadda ka haƙura da ita ce, tawa uwargida ta wanke ta sau uku da bilic jan layin nan yana nan.