Haya, saye ko aron suna: abin dubawa kafin ka zuba kuɗi a ƙauyen bakin teku a Aceh

Wanda ya ga hotunan gaɓar tekun Aceh, farin yashi da itatuwan kwakwa da masallaci a tsakiyar ƙauye, ba laifinsa ba ne idan ya fara lissafin gida a can. Lardin yana ƙuryar arewacin tsibirin Sumatra a ƙasar Indonesiya. Mutanensa Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'i, kuma tun da can ake yi masa kirari da Serambi Mekkah, wato zauren Makka, domin nan ne zangon ƙarshe na alhazai kafin jirgin ruwa ya miƙa zuwa Jidda. Yaƙin 'yan aware na GAM ya ƙare da yarjejeniyar Helsinki ta 15 ga Agusta 2005, kuma lardin yana aiki da shari'ar Musulunci a ƙarƙashin 'yancin cin gashin kai na musamman.

Wurare biyu baƙi suka fi nufa. Na farko shi ne Lhoknga da maƙwabciyarta Lampuuk, kimanin kilomita 15 daga Banda Aceh, babban birnin lardin. Kana ƙauye, amma asibiti da kasuwa duk tafiyar rabin awa ce a babur. Akwai masana'antar siminti a gefen Lhoknga, don haka ka duba inda gidan yake da kyau kafin ka yarda da hoto. Na biyu shi ne Iboih a tsibirin Weh. Daga tashar Ulee Lheue za ka shiga jirgin ruwa zuwa Balohan, mai sauri kusan minti 45, babban mai ɗaukar motoci kuma kusan awa biyu, sannan ka hau mota zuwa ƙauyen. Ruwan Iboih garau yake, kuma daura da shi akwai ƙaramin tsibirin Rubiah, inda Turawan Holan suka gina wurin killace alhazai a zamanin mulkinsu. Sai dai duk buhun siminti da kwanon rufi ta ruwa yake isowa, kuma ran da teku ta yi fushi jirgi ba ya tashi. Mai iyali, ko mai lalurar da ke buƙatar likita akai-akai, ni dai Lhoknga zan ce ya zaɓa.

Amma ba za a yi maganar Lhoknga a tsallake ranar 26 ga Disamba 2004 ba. Girgizar ƙasa mai ƙarfin 9.1 ta tayar da igiyar tsunami wadda a wannan gaɓar tsayinta ya kai kusan mita 30. A Aceh kaɗai, waɗanda suka rasu ko suka ɓace sun kusa 170,000. A Lampuuk, Masallacin Rahmatullah ne ya rage a tsaye, kewaye da shi kuwa ƙasa ta zama fili. Gidajen da za a nuna maka a yau, da yawansu bayan nan aka gina su, wasu da taimakon ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Turkiyya. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin gida, taka da ƙafarka daga ƙofarsa zuwa tudu mafi kusa, ka duba agogo. Idan da yara ko tsofaffi za ka zauna, ka yi lissafin da tafiyarsu.

Musibar ta shafi takardu ma. Ruwa ya lalata ɗimbin bayanan filaye, iyakoki sun shafe, masu filaye da dama sun rasu sun bar magada a warwatse. An sake yin rajistar filaye bayan haka, amma har yanzu fili guda yana iya zama na 'yan'uwa da yawa, alhali ɗaya ne kawai ya zo maka da tayi. Wani filin kuma waƙafi ne, wanda doka ta hana sayar da shi. Ga kuma dokar gaɓar teku, wadda ta ware aƙalla mita 100 daga inda ruwa ke kaiwa lokacin cikarsa. Filin da ya fi ɗaukar ido sau da yawa a cikin wannan tazarar yake.

Yanzu ga hanyoyin da ke gabanka. Mallaka ta dindindin, wadda suke kira Hak Milik, ta 'yan ƙasa ce kaɗai bisa dokar filaye ta 1960. Nan ne dillali zai kawo maka shawarar aron suna: ka biya, a rubuta sunan wani ɗan gari, a yi maka takardar gefe a wurin lauya. Don Allah kada ka yarda. Dokar ta faɗa ƙarara cewa irin wannan ciniki ɓatacce ne, filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman su. Ko da mutumin mai amana ne, rai na hannun Allah. Ranar da ya rasu, magadansa abin da ke rubuce a takarda za su raba a kotun shari'a, kai kuwa babu sunanka a ciki. Haka batun yake ga wanda ya auri 'yar ƙasar: sai da yarjejeniyar raba dukiya a rubuce za ta iya riƙe cikakkiyar mallaka, kuma filin nata ne.

Hanyar da doka ta buɗe wa baƙo ita ce Hak Pakai, izinin amfani da gida na shekara 30, da ƙarin 20, da sabuntawa na wasu 30, bisa ƙa'idar 2021. Yana buƙatar takardun shige da fice masu inganci, kuma gwamnati ta sa mafi ƙarancin farashin gidan da baƙo zai iya saya, farashin da ya fi ƙarfin gidan ƙauye na yau da kullum. Akwai kuma kafa kamfanin jarin waje, PT PMA, wanda zai iya riƙe izinin gini. Wannan na mai shirin buɗe masaukin baƙi ne da gaske, domin ana neman tsarin jari na sama da rupiya biliyan 10, ga haraji da rahotanni a kai a kai.

Abin da ya rage, kuma shi nake ba da shawara a kai, shi ne haya. A ƙauyukan nan an saba biyan kuɗin shekara gaba ɗaya. Shekara guda za ta nuna maka fuska biyu na tekun: daga wajen Nuwamba zuwa Maris masu wasan hawa igiyar ruwa ke cika Lhoknga, daga Mayu zuwa Satumba kuma iskar yamma ke kaɗawa da ƙarfi, gishiri yana cin ƙarfe da kwanon rufi. A wannan lokacin za ka san ko rijiyar gidan ruwanta na da zartsi. Idan ka gamsu, sai ka nemi haya mai tsawo a gaban notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da yarjejeniya, bayan an duba takardar filin a ofishin BPN, hukumar filaye ta ƙasar, kuma duk magada sun sa hannu.

Kada ka yi komai a bayan idon keuchik, wato dagacin ƙauye. Ƙauyen Aceh, gampong a harshensu, yana tafiya ne a kan dagaci da majalisar dattawa da meunasah, ƙaramin masallacin da ake salla da taro a cikinsa. Teku ma tana da nata shugaban, panglima laot, kwatankwacin sarkin ruwa. Shi ke tsare al'adar hana fita kamun kifi ranar Juma'a da ranar tunawa da tsunami. A Iboih ko masu ninƙaya sai sun jira an sauko daga masallaci. Ka riƙe takardar aure idan da iyali kake, domin masauki ba ya haɗa namiji da mace a ɗaki ba tare da ita ba. Ka riƙa zuwa sallar asuba, za ka ji ana ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, sannan ka zauna a shagon kofi, inda ake jin labarin gidan da ke da rigima da wanda ba shi da ita.

Tafiyar kanta ta filin jirgin Sultan Iskandar Muda ce, ta Kuala Lumpur, Jakarta ko Medan. Mai fasfo na Najeriya ya fara da biza tun kafin tikiti, domin Najeriya ta daɗe cikin jerin ƙasashen da Indonesiya ke yi wa tantancewa ta musamman, kuma ana buƙatar wanda zai tsaya maka a can. Batun kuɗi kuma, dokar lardin ta 2018 ta wajabta wa duk bankuna bin tsarin Musulunci, har bankunan da ke aiki da kuɗin ruwa suka rufe rassansu. Katin ƙasar waje ba kowace na'urar cire kuɗi ce ke karɓarsa ba, balle a ƙauye. Ka canji isassun rupiya tun a Medan ko Jakarta, waɗanda za su riƙe ka aƙalla makonnin farko.