Hattara da dillalan da ke toshe wa mota baki kafin su sayar maka

Salamu alaikum jama'a. Wallahi na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abin saboda kunya, a ce mutum ya shekara goma sha yana tuƙi amma a yi masa sakiyar da ba ruwa da rana tsaka, to amma gara na faɗa ko wani zai tsira. Ba zan kama sunan kowa ba, dillalin ya san kansa, bakaniken ma ya san kansa.

Wata huɗu kenan na ga tallar wata tsohuwar mota ta hannu a intanet, jiki tas, an rubuta wai sitiyari kamar auduga. Da na je gani na tarar an riga an tayar da ita injin ya yi zafi, rediyo na ta tashi, dillalin sai washe baki yake yana yallaɓai kaza yallaɓai kaza. Muka ɗan zaga a titi mai santsi, ko rami ɗaya ba mu taka ba. Abu ɗaya na lura, idan na sha kwana sitiyarin ba ya dawowa da kansa sai na jawo shi. Na yi magana ya ce ai sabon rak aka sa, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, bai gama sakewa ba, kuma in ina shakka ga bakanike nan kusa ya duba min kyauta. Kyautar nan ita ta cinye ni. Mutumin ya zo ya bubbuga taya da ƙafa, ya leƙa ƙasa ko durƙusawa bai yi sosai ba, ya ce Alhaji rufe ido ka biya. Ni kuma na rufe ɗin.

Sati biyu ba a cika ba motar ta fara magana. Da safe in na murɗa sai ka ji wuuuu kamar ana niƙa, a kwana kuma ƙas-ƙas-ƙas, ga ɗigon jan mai a inda ta kwana. Saboda wauta na koma wajen bakaniken nan dai, ya ce rak ne gaba ɗaya sai an canza, ya riƙe motar kwana biyu ya nuna min wani baƙi wuluk yana sheƙi a ƙarƙashi ya ce ga sabo nan. Kwana goma ɗigon ya dawo.

Nan ne wani abokina ya kai ni wajen wani dattijo mai aikin ƙafar mota. Baban nan bai ce komai ba, ya ɗaga motar a jak ya shiga ƙasa ya ce ɗana miƙo min makullinka. Ya kankare jikin rak ɗin sau ɗaya, fenti ya ɓare tsatsa ta fito. Sannan ya nuna min robar gefe an ɗaure ta da wata 'yar waya an murɗe bakinta. Gabana ya faɗi, domin ranar da na fara ganin ɗigon mai na ɗauki hoton wajen a wayata, na buɗe hoton, wayar nan ce dai da murɗinta. Wato nawa aka cire aka wanke aka fesa wa fenti aka mayar min, na sayi kayana da kuɗina. Ashe bakaniken farko da dillalin bakinsu ɗaya, wannan ya sayar maka da cuta wancan ya sayar maka da maganin ƙarya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da Baba ya zauna yana min bayani na ga ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, kowace ƙara da inda take fitowa. Wannan wuuu ɗin da ke ƙaruwa in ka murɗa, famfon sitiyari ne, ko mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga, kuma in ka buɗe murfin robar man ka ga kumfa to iska ce. Ƙiiii mai tsini idan ka kai sitiyari ƙarshe yawanci bel ne ya saki ko ya tsufa. Ƙas-ƙas a kwana kana taka totur kuwa ba ruwan sitiyari ma, joyin ɗin shaf ne na wajen taya, wato mahaɗin sandar da ke juya tayar, robarsa ta yage giris ya zube ƙasa ta shiga. Gwaf-gwaf a kan gargada ka nemi mahaɗan ƙafar mota, wato boljoyin ko link ko tayarod (sandar da ke haɗa rak da taya), shi kuma boris, wanda taya ke juyawa a kansa, gurnani yake yi mai ƙaruwa da gudu. Akwai wata ƙara kuma kamar sifirin ya yi tsalle idan ka murɗa mota na tsaye, wannan daga saman shokazoba take.

To duk waɗannan akwai yadda suke rufe musu baki na ɗan lokaci. A dura mai mai kauri ko irin maganin nan da ke kumbura sil, ɗigo ya tsaya na sati biyu uku. A cusa giris a yagaggiyar roba a ɗaure. A fesa wa bel wani abu ya yi shiru. A wanke ƙasan mota fes. Amma wanda ya fi muni shi ne wanda aka yi wa tawa, akwai wani noti a jikin rak da ake saita matsewarsa, idan rak ya cinye yana ƙwanƙwasa sai su ɗaure notin nan tamau, ƙara ta ɗauke, amma sitiyari ya yi tauri ya daina dawowa tsakiya da kansa. Baba ya nuna min sawun sifana sabo fil a jikinsa. Wannan ba cin kuɗi kawai ba ne, wasa da rai ne, haka na riƙa ɗaukar iyalina a ciki ina gudu a babban titi. Tayarod ɗin dama ma da ya girgiza tayar da hannu tana ta rawa, ya ce in ta fita kana tafiya tayar nan ta daina jin maganarka kenan.

Saboda haka dan Allah in za ka sayi tsohuwar mota ka ce a bar ta a sanyi kai za ka tayar da ita, taɓa bonet ka ji. Kashe rediyo, sauke gilashi. Murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe tana tsaye, amma kar ka danne shi a ƙarshen fiye da daƙiƙa biyar, famfo yake wahalarwa. Nemi fili ka yi da'ira a hankali hagu da dama, sannan ka nemi hanya mai ramuka da gangan, in dillali ya fara cewa mai ya kusa ƙarewa mu koma to ka gane. A ɗaga gaba a jak, kama taya gefe da gefe ka girgiza, in da wasa tayarod ce, kama sama da ƙasa, in da wasa boljoyin ne ko boris. Matsa robar rak da yatsa, bai kamata a sami mai a cikinta ba. Ka kalli tayoyin gaba, cin gefe ɗaya yana tona asiri, shi ya sa wasu ke mayar da su baya, don haka na bayan ma ka duba.

Masu sitiyarin lantarki ku kuma ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, dole fitilar sitiyari ta kama a dashbod sannan ta mutu bayan mota ta tashi, in ba ta kama ba sam to an taɓa ta. Kuma ba kowace ƙara ce ta babban kuɗi ba, wasu Hyundai Elantra da Sonata na wajen 2011 zuwa 2014 sun yi suna da wata ƙwas-ƙwas a sitiyari wadda 'yar ƙaramar roba ce mai kamar tauraro a cikin injin lantarkin da ke juya sitiyarin take cinyewa, amma mugun bakanike sai ya ce maka kan sitiyarin duka za a canza. Man ma a kula, Honda nata man daban ne, Toyota da yawa kuma man giya suke sha, karanta abin da aka rubuta a murfin kar a zuba maka duk wanda ke kusa.

Bakanike kuwa ka zo da naka daga gida, wanda dillali bai taɓa gani ba. In za a canza maka wani abu ka sa masa alama da ƙusa ka ɗauki hoto, ka ce a ba ka tsohon a hannunka.

Na kira dillalin ya ce ai lafiya lau ya ba ni, daga nan lambar ta daina shiga. Jiya da dare na sake cin karo da shi da sabon suna ya saka wata motar, sitiyari kamar auduga, kuma a hoto na uku ga bakaniken can a baya yana jingine da but.