Hattara Da Mai Sayar Da Gurami Maza Biyu Da Sunan Mace Da Namiji

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu kiwon kifin ado a gida, musamman masu ƙaramin tankin gilashi, saboda wani mai talla a Facebook da WhatsApp da ya cuce ni har sau biyu a kan kifin gurami, kuma har yanzu tallarsa tana yawo.

Kifin da ake magana a kai shi ne ƙaramin guramin da 'yan kasuwa ke kira duwaf, wanda asalinsa daga Indiya da Bangaladesh da Pakistan ne, kuma tsawonsa bai cika wuce santimita 8 ba. Namijin ne mai ado, da zane-zanen ja da shuɗi masu ɗaukar ido, macen kuwa fara-fara ce mai ruwan toka, ba ta da wani kyau da zai ja hankalin mai saye. Wannan ne ya sa masu shigo da kifin suka fi kawo maza, har mace ta zama abin nema a kasuwa, kuma a nan ne macucin ya sami ƙofa.

Na biya kuɗin mace da namiji, har da kuɗin mota daga Legas, na je tasha na karɓi leda ɗaure a cikin kwali. Kifi ɗaya yana da launi, ɗayan ya koɗe, sai na ɗauka ita ce macen. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne namijin gurami yakan koɗe idan ya sha wahalar tafiya ko kuma wani namijin ya fi ƙarfinsa, kuma irin waɗannan koɗaɗɗun ne mutumin yake zaɓa ya ce mata ne. Bayan kwana huɗu a tankina mai lita 60, launin "macen" ya fara dawowa, babban kuma, wato mai launin nan, ya tara kumfa a saman ruwa a kusurwa ɗaya, wato sheƙar da namiji ke yi domin ƙwai, ya hana ɗayan sakat.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane munin abin ba. Gurami yana da wata gaɓa a kansa da yake shaƙar iska da ita, don haka dole ya riƙa hawowa saman ruwa lokaci-lokaci. Ƙaramin ya koma bayan na'urar tace ruwa ya maƙale, duk sanda ya yunƙuro zai shaƙi iska sai babban ya taso masa ya kore shi ƙasa. Na gan shi da idona wutsiya a yayyage, abinci yana wucewa ta gabansa bai kula ba, kuma kafin sati biyu ya mutu.

Da na yi wa mutumin magana, sai ya ce ruwana ne ba shi da kyau, ya tallata mini magani, sannan ya ce zai aiko da wata macen in na biya rabin kuɗi da kuɗin mota. Na yarda, domin ina son a rabu lafiya. Abin da ya iso a karo na biyu ba ma duwaf ba ne, ɗan guramin nan ne mai ɗigo biyu baƙaƙe a jiki, ɗaya a tsakiya ɗaya a gindin wutsiya, wanda ke girma har santimita 15 kuma ya fi duwaf faɗa nesa ba kusa ba. Daga nan ya toshe lambata.

Kada kowa ya tura kuɗi a kan hoto kawai. A nemi bidiyon kifin yana iyo a tankin mai sayarwa, cikin haske, an ɗauko shi ta gefe, sannan a dubi fiffiken da ke bisa bayansa: na namiji yana da tsawo kuma yana ƙarewa da tsini, na mace gajere ne mai kewayayyen baki, cikinta kuma ya fi cika. Launi shi kaɗai ba shaida ba ne. Idan mai sayarwa ya ce kifin sun yi ƙanƙanta ba a iya bambance su, to ba shi da hujjar karɓar kuɗin mace da namiji.

Ko da an sami macen gaskiya, mace ɗaya da namiji ɗaya a ƙaramin tanki ba tsari ne mai kyau ba, domin namijin zai tare a kanta da kora. Abin da ya fi shi ne namiji ɗaya da mata biyu ko uku, tare da tsirrai masu yawa da wuraren ɓuya, a tankin da ya fi nawa faɗi. Wanda tankinsa bai kai ba, a ganina namiji ɗaya tilo ya ishe shi, kuma kifin ba zai cutu da kaɗaici ba.

Mutumin ya sauya sunan shafinsa tun daga lokacin, amma hotunan nan ne dai da kalaman nan na "mace da namiji, a shirye suke su hayayyafa". Ni dai na raba tankina da raga, duwaf a gefe ɗaya, mai ɗigon a ɗaya gefen, ina neman wanda ke da babban tanki ya karɓi na biyun kyauta.