Kafin ka ɗora lebura kan inji: wane horo za ka saya masa?

A wurin fasa dutse ko haƙar ma'adinai, sabon ma'aikaci kowa na sa masa ido. Ana ce masa kauce nan, kada ka taɓa can. Wanda ake mantawa da shi shi ne tsohon hannu, ranar da aka canza masa aiki. Shekara biyar yana lodin tifa, rannan mai kula da injin niƙa bai zo ba, sai a ce, "Kai da ka daɗe a nan, je ka riƙe mana." Kowa na ganin ya san wurin, kuma ya san shi ɗin. Injin ne bai sani ba.

Na taɓa tsayawa a wani wurin fasa dutse ina jiran a yi mini lodin tsakuwa, sai wani ƙaton dutse ya maƙale a bakin injin niƙa. Yaron da aka ɗora a wurin kwana uku da suka wuce bai yi wata-wata ba, ya sunkuci rodi ya hau, inji na ci gaba da ruri, ya fara zungura. Dutsen ya zame, haƙoran inji suka cafki rodin suka yi wurgi da shi, ya wuce ta gefen kunnensa ya daki kwanon rumfa. Helluma ya kashe inji jikinsa na rawa, ya ce, "Kai yaro, wa ya koya maka haka?" Yaron ya ce, "Baba, haka na ga ana yi." Kuma gaskiya ya faɗa.

To, in kai ne mai wurin, ko manaja, ko shugaban ƙungiyar mahaƙa, kuma ka yanke shawarar kashe kuɗi a kan horo, masu tallar horon suna da yawa. Kafin ka saurari kowa sai ka samu mudun da za ka auna su da shi. Ni wanda nake amfani da shi daga Amurka na aro. Tun bayan dokar kare lafiyar mahaƙa ta 1977, hukumarsu mai suna MSHA ta raba horo gida-gida: sabon ma'aikacin ƙarƙashin ƙasa awa 40, na sarari awa 24, sannan kowa da kowa tuni na awa 8 duk shekara. Ban da waɗannan akwai wani horo daban da ake yi wa mutum duk lokacin da aka ba shi aikin da bai saba ba, komai daɗewarsa a wurin. A gaya masa hatsarin aikin da yadda ake yin sa lafiya, ya gwada da hannunsa a lokacin da ba a cikin aikin samar da kaya, ya kama aikin gadan-gadan amma da ƙwararre tsaye a kansa, a kuma sake horar da shi in an kawo sabon inji ko an yi wa tsohon gyaran da ya canza yadda yake aiki. Dokar Amurka ba ta hau kanmu ba. Mu a Najeriya tamu ita ce dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011, kuma ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke jiharka shi zai gaya maka abin da aka wajabta maka. Amma matakan nan huɗu mudu ne mai kyau. Duk wanda ya zo maka da talla, duba nawa ne daga cikinsu ke cikin kuɗin da ya yanka.

Hanya mafi araha ita ce wadda kowa ke bi: a haɗa yaro da tsohon ofareta ya koya a gefensa. Ban raina ta ba ko kaɗan. Tsohon ofareta ya san abin da babu shi a littafi. Ya san birkin felodarku, wato injin lodi, yana jinkiri da safe, ya san wane gefen rami ne ke zubowa bayan ruwan sama, ya san ƙarar da injin niƙa ke yi kafin ya shaƙe. Da Hausa zai yi bayani, a kan injin da yaron zai yi aiki da shi gobe. Illarta ɗaya ce amma babba: abin da ya iya da abin da ya saba duk tare yake miƙawa. In shekara goma yana cire dutsen da ya maƙale ba tare da ya kashe inji ba, kuma Allah ya kiyaye shi, to a wurinsa hakan ne daidai. In yana sauka daga eskabeta da tsalle, ko yana barin bokiti a sama ya tafi cin abinci, ɗalibinsa ma haka zai tashi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: wani ofaretan ba ya son ya koyar tsakani da Allah, don yana ganin magajinsa yake rainowa. In har wannan hanyar za ka bi, zaɓi mai koyarwar da kanka, kada ka ɗauki wanda ya fi kowa sauri, ɗauki wanda ka taɓa gani ya ƙi tayar da inji don ya ga wani abu bai yi masa ba. Ka ƙara masa wani abu a albashi saboda koyarwar, ka kuma rage masa yawan lodin da ake jira daga gare shi a makon. Mutumin da ake ƙirga wa tifa ba shi da lokacin tsayawa bayani.

Sai horon dillalin inji. Wanda ya sayi sabon inji daga wakilin kamfani, kamar Mantrac da ke wakiltar Caterpillar a Najeriya, ya nemi a sa horon ofareta cikin ciniki tun kafin ya biya, lokacin da bakinsa ke da ƙarfi. A kan sanin injin kansa babu wanda ya kai su: zagayen dubawa kafin a tayar, ma'anar fitilun gargaɗi, iyakar nauyin da zai ɗauka, wuraren da direba ba ya gani daga kujerarsa. Wannan na ƙarshen ya kamata kowane lebura ya sani, ba direba kaɗai ba. A ɗora mutum kan kujerar babbar motar kwasar dutse inji a kashe, abokansa su zagaya motar a ƙasa, ya ga yadda mutum guda ke ɓacewa daga idonsa ɗungurungum. Wanda aka yi wa wannan sau ɗaya ba ya sake tsayawa a bayan mota. Inda dillali ya gaza shi ne bai san raminka ba, bai san gangaren hanyarka ba, kuma yawancinmu injin hannu muke saya, wanda ya wuce ta hannu uku, littafinsa ya ɓata, an yi masa ƙare-ƙare a gareji. Ko da haka, biyan dillali ya turo mai horarwa na kwana biyu ya fi a ce babu.

Makarantu kuwa akwai su. A Jos akwai cibiyar nazarin haƙar ma'adinai da kimiyyar ƙasa ta Najeriya, kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna na da sashen injiniyan ma'adinai, a Nijar akwai makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai da makarantar ma'adinai ta Ayar a Agadas, a Ghana akwai jami'ar ma'adinai ta Tarkwa. Shawarata a nan gajeriya ce: makaranta ta helluma ce da mai kula da rami, ba ta leburan da za a mayar kan inji ranar Litinin ba. Tura mutum ɗaya ko biyu masu karatu su koyo dalilin abubuwa, me ya sa bangon rami ke rushewa, yaya ake yanka matakala a jikin dutse, yaya iska ke zagayawa a ramin ƙarƙashin ƙasa, su dawo su zama masu koyarwa a gida. Ruftawar ramin Galkogo a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja a watan Yunin 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ta isa ta tuna wa kowa cewa wajibi ne a samu mai karanta bangon rami a wurin aiki. Wani abin da masu kamfani ke sakaci da shi: in kana cikin waɗanda doka ta ɗora wa biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata ga asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, kana iya neman a mayar maka da har rabin abin da ka biya in ka yi horo bisa ƙa'idarsu. Sai dai ka tuntuɓe su kafin horon, ba bayan an gama ba.

Yanzu ga inda kuɗi suka fi salwanta, kuma inda ake iya samun mafi kyawun kaya: mai horarwa mai zaman kansa da zai zo har wurin aikinka. Kala biyu ne. Akwai wanda zai kama ɗakin taro a otal, ya haska hotunan mahaƙar Ostareliya a bango, ya yi Turanci awa shida ga mutanen da rabinsu ba sa jin sa, a ci shinkafa, a raba satifiket mai zanen zinare a gefe, a ɗauki hoto kowa da hular kwano sabuwa fil. Na halarci irin wannan. Wanda ke gefena barcinsa ya sha, ya kuma karɓi satifiket iri ɗaya da nawa. Akwai kuma wanda zai ce sai ya zo ya ga wurin tukuna kafin ya faɗi farashi. Zai zauna da masu aikin su warware aikin daki-daki, a kowane mataki a tambaya me zai iya kashe mutum a nan, sannan a rubuta a takarda ɗaya da Hausa, da boko ko da ajami, duk wanda mutanenka suka fi karantawa. Zai zo da kwaɗon kulle ya nuna yadda mai shiga gyaran inji ke kulle makunnin wuta ya jefa mabuɗin a aljihunsa, don kada wani ya tayar yana ciki. Zai duba tudun ƙasar da ke bakin hanyar motoci don tare mota kada ta faɗa rami, ya ga ko ya kai tsakiyar tayar babbar motarku. In ramin loto kuke haƙa, wato mai zurfi kamar rijiya, zai tambaya ina ake ajiye injin jan ruwa, domin hayaƙinsa na iya taruwa a ƙasan rami ya kwantar da mutum ba tare da ya ji warin komai ba.

Shaidar cewa horo a wurin aiki yana ci, mun gan ta a gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a bushe cikin gidaje. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da abokan aikinsu suka juya ga mahaƙan kansu, abin da suka koyar ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba: a fesa ruwa a bakin injin niƙa, a raba wurin niƙa da gida, a yi wanka a canza tufafi kafin a koma cikin iyali. A gindin injin aka koyar, kuma da aka auna iskar wurin an ga ƙurar ta ragu ƙwarai. Wannan darasin bai tsaya kan masu zinare ba. Ƙurar dutsen da ake fasawa ma tana cinye huhu a hankali, kuma ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare ta.

Yadda za ka rarrabe kala biyun nan ba wuya. Tambaye shi wane inji ya taɓa tuƙawa da hannunsa, kuma a ina. Tambaye shi da wane harshe zai koyar. Ka ce ya ba ka lambar wani wurin da ya yi wa aiki ka kira. Sannan ka yi masa tambayar da na fi so: "Mutum nawa ka taɓa kayarwa?" In ya ce duk ɗalibansa suna ci, satifiket yake sayarwa. A yarjejeniya kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin, sai ya dawo bayan wata guda ya ga ko abin da ya koyar yana nan.

Bidiyo da darasin waya suna da amfani wajen tuni, musamman in da Hausa ne, amma ba wanda ya taɓa iya tuƙi daga kallon waya. Na'urar kwaikwayon tuƙi kuwa ta manyan kamfanoni ce masu motoci da yawa. In motocinka uku ne, wuce kawai.

Aiki ɗaya ne ba ya shiga wannan cinikin sam: nakiya. Ajiye ta da tayar da ita sai mai lasisi daga hukuma, a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964. Babu zancen "ya daɗe yana taya mai fasa dutse, ya iya." Fashewar unguwar Bodija a Ibadan a watan Janairun 2024, wadda gwamnatin jihar Oyo ta danganta da nakiyar da mahaƙa suka ɓoye a gida, ta nuna abin da ke biyo bayan wasa da ita. Abin da sauran ma'aikata ke bukata shi ne su san ƙarar gargaɗi, su san inda za su fake, kuma kada kowa ya matso kusa da ramin da aka sa wa nakiya ba ta tashi ba sai mai lasisin ya ba da izini.

Da ni ne mai wurin da ke da ma'aikata talatin da inji huɗu, ga yadda zan raba kuɗina. Kaso mafi tsoka ga mai horarwa na ƙwarai ya zo sau ɗaya, ya rubuta mana matakan kowane aiki, ya gyara wa tsofaffin ofaretocina biyu hannu su zama masu koyarwa. Helluma ya tafi gajeren kwas a Jos ko Kaduna. Dillali ya zo duk ranar da sabon inji ya shigo. Daga nan koyarwar yau da kullum ta koma hannun tsofaffin nan biyu, da takardar matakai a hannunsu. Kuma in riƙa horar da mutum na biyu a kan kowane inji tun babu bukata, domin matsalar daga ranar da ofareta bai zo ba take farawa.

Sai littafi guda mai kauri a ofis, irin na rajistar makaranta. Sunan ma'aikaci, aikin da aka koya masa, injin da aka koya masa a kai, ranar da ya yi aikin a gaban helluma daga tayarwa har kashewa, sa hannun su biyun ko dangwalen yatsa. Wanda sunansa ba ya shafin injin niƙa ba ya hawa injin niƙa, ko da tifa goma ne a layi direbobi suna danna hon.