Wasiƙa daga Manchesta: yadda mai ƙunci ke karɓo kuɗin da banki ya cire masa

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Na ji kukanka a kan cire-ciren banki, da tambayar da ka yi ko a nan Ingila ma haka suke wa mutane. Amsar ba ta saƙon murya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma na san ba kai kaɗai ke son jin ta ba.

A gida banki tsakura yake yi. Naira 4 ta alat, wadda bankuna suka mayar naira 6 a 2025. Naira 10 ko 25 ko 50 ta tura kuɗi, gwargwadon yawansu, a ƙa'idar da aka kafa a 2020. Naira 50 ta gwamnati a kan naira dubu 10 zuwa sama. Naira 50 ta kula da kati duk wata uku, ita ma a ƙa'idar 2020, sannan a ɗora haraji a kan cajin kansa. Attajirin Kantin Kwari da mai sayar da ƙosai duk ana tsakurarsu, babu wanda aka bari. A nan kuwa asusun yau da kullum kyauta ne. Ba a cajin kati, ba a cajin tura kuɗi zuwa wani banki, yawancin na'urorin cirar kuɗi ba sa karɓar ko kwabo, saƙon waya ma kyauta yake zuwa. Wanda ya ji wannan sai ya ce mun huta. Mai kuɗi a asusu kam ya huta. Banki a nan yana jiran wanda asusunsa ya faɗi ƙasa da sifiri ne, kuma idan ya kama shi, kamun ya fi na gida zafi nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa faɗawa ƙasa da sifiri ke da sauƙi shi ne, kusan komai a nan da kansa yake fita daga asusu. Kuɗin haya, wuta, gas, ruwa, waya, harajin kansul (wato na ƙaramar hukuma), kowanne ka sa hannu tun farko cewa a riƙa cira a rana kaza. Ranar na zuwa ake cira, ko albashi ya shigo ko bai shigo ba. Idan babu kuɗi, ko dai banki ya biya a madadinka ka shiga bashin da suke kira obadiraf, ko ya mayar da buƙatar, kamfanin ya ɗora maka tarar makara. Babu mai gidan hayar da za ka je ka gaisar ka ce a yi haƙuri zuwa Juma'a, kwamfuta ce ke yin aikin.

A shekarun baya abin ya kai intaha. Mutum zai wuce iyaka da fam 2, a caje shi fam 30 ko fiye, cajin ya sake tura shi ƙasa, wata mai zuwa a sake cajinsa saboda cajin baya. Mutane suka fara rubuta wa bankuna suna neman a maido musu kuɗinsu, wani ɗan jarida mai suna Martin Lewis ya yaɗa samfurin wasiƙar da ake aikawa, bankuna suka yi ta biya. A 2007 hukumar kula da adalcin ciniki ta lokacin, OFT, ta shiga kotu da manyan bankuna. Ta yi nasara a kotuna biyu na farko, amma a Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli ta ba bankuna gaskiya. Kotun ba ta ce cajin adalci ne ba, cewa ta yi dokar da aka dogara da ita ba ta ba hukumar ikon auna tsadarsa ba. Koke fiye da miliyan ɗaya da aka jingine ana jiran hukunci suka bi ruwa. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ita ce ta wanda ke cikin ƙuncin kuɗi, domin ƙa'idar aikin banki a nan ta wajabta a tausaya wa irin wannan mutum, a duba halinsa, har a dakatar ko a rage ko a yafe caji da kuɗin ruwa idan ya kamata.

Daga baya hukumar da ke sa ido kan bankuna, FCA, ta yi bincike ta gano cewa a 2016 fiye da rabin cajin wuce iyaka ya fito ne daga aljihun kashi 1.5 cikin 100 na masu asusu, kuma mazauna unguwannin talakawa ne abin ya fi shafa. A 2017 bankuna sun samu sama da fam biliyan 2.4 daga obadiraf. Sai ta hana cajin rana-rana da na wata-wata daga Afrilun 2020, ta ce a koma kuɗin ruwa guda ɗaya da kowa zai iya karantawa. Bankuna da yawa suka tsayar da nasu a wajen kashi 40 cikin 100 a shekara. Wato wanda ke zaune cikin bashin fam 1,000 yana biyan kusan fam 28 duk wata, bashin kuma bai ragu da ko fam ɗaya ba. An gyara abu, amma har yau marar shi ne ke ciyar da banki, kuma wannan yana ci mini rai.

Akwai wata ƙanwarmu da ta zo da bizar aikin kula da tsofaffi. Kamfanin da ya kawo ta ya rage mata ranakun aiki, albashin ya koma bai kai haya da abinci ba. Bizarta ta hana ta karɓar tallafin gwamnati, don haka babu inda za ta juya. Albashi na shigowa ramin obadiraf ke haɗiye shi, kafin mako ya zagayo ta sake komawa ciki. Ga katin bashi da take sayen abinci da shi, shi ma ana ɗora mata fam 12 duk lokacin da ta makara. Ba ta faɗa wa kowa ba. Na gane ne da na je ɗakinta cikin hunturu na tarar tana zaune da rigar sanyi biyu da safar hannu, ta kashe na'urar ɗumama ɗaki, ga ambulan na banki a kan firji ba ta buɗe ba.

Muka buga takardun bayanin asusunta, muka baza a kan tabarmar sallah domin teburin ɗakin bai isa ba, ta ɗauki jan biro tana zagaye duk inda aka cire kuɗin ruwa ko tara, ina haɗa lissafi a waya. Da ta ga jimlar sai ta ajiye biron ta riƙe baki. Sannan muka rubuta wasiƙa gajeriya. Ta ce tana cikin ƙuncin kuɗi tun lokaci kaza saboda an rage mata aiki, ana bin ta bashin haya da harajin kansul, cajin banki ne ke hana ta fita daga ramin, tana neman a maido mata abin da aka cire tun daga lokacin, a kuma dakatar da kuɗin ruwa har ta farfaɗo. A ƙarshe ta ce a ɗauki wasiƙar a matsayin ƙorafi na hukuma. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, domin ita ke sa agogo ya fara tafiya.

Kafin ta yarda ta aika, mun sha fama. Da farko kunya ce. Ta ce, "Anti, yaya zan rubuta da hannuna cewa ba ni da abin sayen abinci?" An tashe mu a kan rufin asiri, mutum ya kwana da yunwa ya fito da fara'a, kuma ni ban raina wannan tarbiyya ba. Amma banki ba maƙwabci ba ne, ba zai lura da ramarka ya aiko da kwano ba. Wanda ya yi shiru, a wurinsu lafiyarsa ƙalau. Sai kuma tsoron biza: tana ganin duk wata takarda da ta nuna talauci za ta iya jawo mata kora. Neman banki ya maido maka kuɗinka ba tallafin gwamnati ba ne, magana ce tsakaninka da kamfanin da kake hulɗa da shi. Da yawa daga cikin sababbin zuwa ba su san wannan ba, suna ta biya saboda tsoron abin da babu shi.

Bankin ya kira ta, ya aiko da fom na shiga da fitar kuɗi. Fom ɗin yana raba basussuka gida biyu. Na gaba su ne waɗanda rashin biyansu ke raba mutum da muhalli ko wuta ko ya kai shi kotu: haya, harajin kansul, gas da lantarki. Katin bashi da obadiraf suna baya. Babu gurbin kuɗin da ake aikawa gida, amma na ce ta rubuta gaskiya, tunda za su gani a takardun asusu, ta bayyana cewa na maganin mahaifiyarta ne. Daga ƙarshe aka maido mata kuɗin ruwa da tarar watannin da ta yi cikin ƙunci, aka tsayar da kuɗin ruwa, aka tsara mata yadda za ta riƙa rage bashin kaɗan-kaɗan. Ba su ce sun yi laifi ba, sun kira shi kyautatawa. Kuɗin kuma cikin bashin aka zuba su, ba a hannu aka ba ta ba. Duk da haka, a karon farko albashinta ya shigo ta ga wani abu ya saura.

Da sun ƙi, da sauran hanya. Banki na da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe a rubuce. Idan amsar ba ta gamsar ba, ko lokacin ya wuce shiru, sai a kai ƙara ofishin mai shiga tsakani, Financial Ombudsman Service, cikin wata 6 daga ranar amsar. Kyauta ne ga mai ƙara, ba a buƙatar lauya, kamfanonin kuɗi ne ke ɗaukar nauyin ofishin. Idan ya yanke hukunci mai ƙara ya amince, dole banki ya bi. Yawanci ana iya komawa baya har shekara 6. Sai dai ofishin ba ya sauraron cewa caji ya yi tsada, wannan magana ta mutu tun 2009. Abin da yake dubawa shi ne, banki ya sani ko ya kamata ya sani cewa mutum na cikin ƙunci, kuma me ya yi da ya sani? Tun ƙarshen 2019 an ɗora wa bankuna nauyin lura da wanda ya daɗe yana zaune cikin obadiraf su tuntuɓe shi. Idan sun gani sun ci gaba da cira, nan ne mai ƙara ke da ƙarfi.

Ba kowa ke samu ba. Wanda takardunsa suka nuna yawon shaƙatawa da sayayyar ƙawa zai sha wuyar nuna ƙunci. Banki na iya rufe obadiraf ɗin bayan haka, kuma yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan na iya shiga tarihin bashin mutum, wanda masu ba da haya da kamfanonin waya ke dubawa. Akwai kuma kamfanonin da ke talla cewa za su karɓo maka, su yanki kaso mai tsoka a kan wasiƙar da kai ma za ka iya rubutawa. Masu ba da shawara kyauta suna nan: StepChange, National Debtline, Citizens Advice. Ta hannunsu ne ake shiga shirin da aka fara a 2021 a Ingila da Wales, wanda ke dakatar da kuɗin ruwa da tara da matsin masu bin bashi na kwana 60.

Shawarar da nake ba duk wanda ya fita daga ramin ita ce ya koma asusu na asali, wanda manyan bankuna ke bayarwa kyauta tun 2016. Ba shi da obadiraf ko kaɗan. Idan babu kuɗi, ciniki ya tsaya, shi ke nan. Ga Musulmi wannan kwanciyar hankali ce, domin da yawanmu sun tsinci kansu suna biyan riba ba tare da sun taɓa niyyar cin bashi ba, an haɗa musu ne ranar buɗe asusu.

Game da naka cire-ciren, Yaya, kai ma kana da ƙofa, ko da yake ba irin wannan ba ce. Babban Bankin Najeriya yana da jadawalin cajin da aka halatta, yana kuma da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ka nemi takardar bayanin asusunka, ka gwada da jadawalin. Abin da ya wuce ƙa'ida ka rubuta wa bankinka, ka karɓi shaidar sun karɓa, idan wa'adin da aka ɗibar wa bankin ya wuce babu gyara ka kai Babban Banki. Bambancin shi ne a gida sai ka nuna an cire ba bisa ƙa'ida ba, a nan kuwa ko cajin yana kan ƙa'ida, halin da kake ciki hujja ne. Ta wannan fuska tsarinsu ya fi namu, kuma ina fata wata rana a kawo irinsa. Amma ku kuna da abin da ba mu da shi: dangi a kusa, adashe, mai shagon unguwa da zai rubuta a littafi har ƙarshen wata. A nan mai shago ba ya ba da bashin ko madara ɗaya.

Roƙona ɗaya, ka isar mini da shi ga iyayen yaran da suka taho 'yan shekarun nan. Wasu daga cikin kuɗin da ke isowa gida daga obadiraf ake ciro su, ana biya musu riba kashi 40 cikin 100, yaran kuma ba za su taɓa faɗa ba. Idan yaro ya ce wannan watan ba zai samu aikowa ba, a yi masa uzuri, a tambaye shi ko yana buɗe wasiƙun banki. Idan yana Manchesta ko kusa, a haɗa shi da ni mu zauna mu rubuta wasiƙar tare.

A gaishe mini da Hajiya da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙanwarka.