Peavey 6505 ko Boss Katana 50 ga mai kaɗa jitar metal (salon kiɗan rock mai ƙarfi) a Jidda?

Amfilifayar Peavey 6505 mai kwalaben gilashi (tube) masu ƙara ƙarfin sauti ce a ciki, wat 120, sautinta kauri gare shi har a ƙirji kake jin sa. Sai dai ga nauyi, ga zafi, sifika ma daban za ka saya. Wadda aka yi don Amurka kuma wutar bolt 120 take sha, wutar Saudiyya kuwa 230 ce. Ka jona kai tsaye, ta ƙone.

Amfilifayar Boss Katana 50 kuwa ana rage ƙarfinta zuwa rabin wat, ko ka sa abin kunne, maƙwabci bai sani ba. Gaskiya sautinta bai kai na Peavey cika ba, amma mai zaman gidan haya, Katana zan ce ya ɗauka.